Sandar besbol: katako ko ƙarfe, kuma ta wane kamfani za ka saya wa yaro?

Ranar da alƙalin wasa ya ɗaga sandar yarona ya juya ta ya kalli wuyanta ya miƙo min ita ta saman waya ya ce ba za ta shiga fili ba, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Sabuwa dal, ko sati biyu ba ta yi ba, kuɗin da na zuba a kanta kuwa ko uwar yaran ban gaya wa gaskiyar adadinsu ba sai daga baya. Kuma ba jabu ba ce, sanda ce mai kyau ta babban kamfani, laifin duk nawa ne, tambarin da ke jikinta ba shi ne wanda lig ɗinsu ke karɓa ba. Yaro ya ari ta abokinsa ya buga, ni kuma na koma mota na zauna ina ta danna waya ina karanta abin da ya kamata in karanta tun kafin in shiga shago.

Mu da muka taso da ƙwallon ƙafa da langa, muka zo Amurka yara suka shigo mana da besbol cikin gida, yawancinmu haka muke yi, mu tambayi wane kamfani ne ya fi, alhali wannan ita ce tambaya ta uku ko ta huɗu. Ta farko ita ce wane tambari ake karɓa a inda yaron yake wasa. Guda uku ne za ka yi ta cin karo da su. Akwai na USA Baseball wanda ya fara aiki 1 ga Janairun 2018, shi Little League, lig ɗin ƙananan yara, da ire-irensa suke bi. Akwai na USSSA mai lamba 1.15, na ƙungiyoyin nan masu yawon gasa gari-gari, sandarsa ta fi cilla ƙwallo nesa, irin ta na saya ke nan aka dawo min da ita. Sai BBCOR mai lamba .50, wanda jami'o'i suka koma kansa a 2011 makarantun sakandare suka bi a 2012. Idan yaronka ya kai sakandare magana ta ƙare, BBCOR ce ko katako. Ka tambayi koci kafin ka ciro kati, minti ɗaya ne.

Sai maganar dirof, ita ma ta ɗaure min kai da farko. Tsawon sanda da inci ake aunawa, nauyinta da oza, to bambancin da ke tsakanin lambobin biyu shi ne dirof. Sanda mai inci 30 da oza 20 ita ce -10, ta ƙananan yara. Suna girma a koma -8, sai -5, a sakandare kuma dole -3, wato inci 33 ba ta ƙasa da oza 30. Yaron da ya saba da -10 aka danƙa masa -3 rana ɗaya za ka ga yana jan ta kamar mai ɗaga taɓarya, shi ya sa gara a bi matakin a hankali.

To yanzu katako da ƙarfe. A babban lig na MLB babu zaɓi, doka ta ce sanda ta kasance katako guda ɗaya ba haɗi, kaurinta kada ya wuce inci 2.61, tsawo kada ya wuce 42. Ƙasa da nan kuwa, daga ƴan shekara shida har jami'a, ƙarfe ne ya cinye kasuwa tun da hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta halatta alminiyom a 1974, kuma asalin dalilin kuɗi ne, makarantu sun gaji da sayen katakon da ke karyewa kullum. Daga baya ne aka gane ai ba ƙarko kaɗai ba, sandar ƙarfe cikinta rami ne, bangon yana ɗan lotsawa idan ƙwallo ta same shi sai ya dawo ya tunkuɗa ta, ga ta da sauƙin juyawa, ga wurin da za ka buga ƙwallo ta tafi da kyau ya fi na katako faɗi nesa ba kusa ba. Abin ya yi yawa har mai jifa da ke tsaye ƙafa 60 da inci 6 daga mai bugu ya zama ba ya samun lokacin kaucewa, shi ne aka kawo BBCOR ɗin nan don a rage mata ƙarfi ta dawo kusa da katako. Wannan ka riƙe shi da kyau, don shi ne zai hana a cuce ka a shago: duk sandar da ke da tambarin BBCOR, ta dala 100 da ta dala 500, rufi ɗaya aka yi musu, babu wadda aka yarda ta wuce shi. Abin da kake biya a mai tsada shi ne daɗin riƙo, da yadda aka raba nauyin, da faɗin wurin bugu, da rage zafin da ke ratsa tafin hannu idan an buga a karkace. Suna da amfani, ban ce ba su da shi ba, amma ba su ne za su mai da yaro Aaron Judge, gwanin bugun nan na ƙungiyar Yankees, ba.

A ɓangaren katako sunan da kowa ya sani shi ne Louisville Slugger. Labarin da kamfanin ke bayarwa shi ne a 1884 wani matashi Bud Hillerich, ɗan wani masassaƙi Bajamushe a garin Louisville na jihar Kentaki, ya sassaƙa wa ɗan wasa Pete Browning sanda bayan tasa ta karye, uban ma ba ya son harkar, ya fi gane wa kayan kaɗa man shanu da ƙafafun gado. A 1894 aka yi wa sunan rajista, a 1905 Honus Wagner ya sa hannu aka fara buga sunansa a jikin sanda. Mun je masana'antar da yara lokacin hutu, a bakin ƙofa akwai wata sanda ta ƙarfe mai tsawon ƙafa 120 a jingine da bene, ciki kuma ƙamshin katako ya cika ko'ina, inji na fere gungume ya mai da shi sanda kafin ka gama ɗaukar hoto, a ƙarshe su ba kowa ƴar ƙaramar sanda kyauta. Amma ka sani tun 2015 sunan ba na iyalan Hillerich ba ne, Wilson ya saye shi a kan dala miliyan 70, su dai suna ci gaba da sassaƙa masa na katakon a can. Kuma Wilson ɗin nan shi ne mai DeMarini tun 2000. Ka ga idan kana tsaye a shago kana ta auna Louisville da DeMarini kamar wasu abokan gaba, aljihu ɗaya kuɗinka zai shiga.

Wanda ya ture Louisville daga kujera shi ne Marucci, kuma labarinsa ya fi burge ni don kusan irin namu ne. Jack Marucci a lokacin mai kula da lafiyar ƴan wasa ne a jami'ar LSU da ke Baton Rouge, ɗansa ƙarami ya ce yana son sandar katako daidai shi aka nema aka rasa, sai uban ya sayi injin fere ya kafa a ɗan ɗakin ajiya na bayan gida a 2002 ya fara yi da kansa. Daga nan ƙwararru suka fara nema, Albert Pujols na cikin waɗanda suka ɗaga sunan, shi ya sa har yau samfurinsu da aka fi sani sunansa AP5. A 2017 suka sayi Victus, wani kamfani na Pensilbeniya da ya yi suna wajen fenti da kwalliya, shi yara ke so saboda launi, a 2023 aka sayar da Marucci gaba ɗaya ga Fox Factory a kan dala miliyan 572, daga kakar 2025 kuma Marucci da Victus ne sandunan hukuma na MLB, matsayin da Louisville ya daɗe a kai. Daga ɗakin ajiya fa.

Akwai ƙananan kamfanoni da ba su da talla sosai amma manyan ƴan wasa na riƙe da su. Old Hickory na jihar Tenesi, shi Mike Trout ya riƙe tun yana yaro. Chandler, da shi Judge ya buga hom ron 62 a 2022, wato bugun da ke cilla ƙwallo ta tsallake katangar fili. Sai Sam Bat na Kanada, wanda ya kamata a ɗan tsaya a kansa don shi ya canza irin icen da ake amfani da shi. Da can icen ash ne sarki, fari ne mara nauyi mai ɗan lanƙwasa, layukansa a fili kamar zanen tabarma. Wani kafinta a Ottawa mai suna Sam Holman ya fara yi da mepul wajen 1997, icen nan da ganyensa ke jikin tutar Kanada, sai Barry Bonds ya ɗauki sandarsa ya buga hom ron 73 a 2001, shi ke nan kowa ya ruga mepul. Ash kuma sai ga wani ƙwaro kore da aka fara gani a Mishigan a 2002 ya bi dazuzzuka yana kashe bishiyoyin, abu goma da ashirin. Yanzu mafi yawan ƴan MLB mepul ne a hannunsu.

Amma ga yaro mai koyo ni ban cika son mepul ba, kuma ga dalilina. Mepul tauri ne da shi, idan ka samu ƙwallo a tsakiya ƙarar kaɗai ta ishe ka, sai dai ba ya gargaɗi. Ash idan ya gaji za ka ga yana ɓarewa yana tsagewa a hankali, mepul kuwa rana ɗaya zai rabe biyu rabin ya tashi sama kamar mashi. A 2008 abin ya yi yawa har MLB ta sa aka bincika, aka gano matsalar tana ga yadda jijiyar icen ta kwanta, idan ta karkace sandar na saurin fashewa. Daga 2009 aka kawo ɗigon tawada, za ka ga wani ɗan baƙin ɗigo a hannun sandar mepul, tawadar tana bin jijiyar ice ta nuna ko a miƙe take, idan ta kauce fiye da digiri uku ba ta shiga MLB. Ko da hakan a 2010 wani ɗan wasan Chicago Cubs, Tyler Colvin, ɓallin sanda ya soke shi a ƙirji yana gudu zuwa zangon ƙarshe na fili inda ake cin maki. Saboda haka idan za ka sayi mepul ka nemi mai ɗigon nan, ko na wane kamfani ne. Na ukun shi ne icen bach, yana tsakanin biyun, ya fi ash tauri ya fi mepul haƙuri, sai dai yana son a ɗan buga shi kwana biyu kafin fuskarsa ta daddale. Kamfanin B45 na Kebek shi ya yi suna da shi, amma yanzu kusan kowa na yi. Da za a ce in zaɓa wa ɗan shekara 13 sandar katako ta farko, bach zan ɗauka.

Wani abu kuma da ya fi sunan kamfani muhimmanci a katako shi ne lambar fira. Za ka ga an rubuta 271 ko 243 ko 110, wannan siffar sandar ce, kuma kusan duk kamfanonin suna yin irin nasu. 110 hannunta da ɗan kauri, nauyin a rabe daidai, ita ta fi kama da ta ƙarfe kuma ta fi wuyar karyewa, ita ake ba wanda ya fara. 271 ita ma daidai-wa-daida ce, da ita Ken Griffey Jr. ya yi suna. 243 kuwa kai ne da ita babba hannu siriri, ta ƙarfafa ce, ka ba ƙaramin yaro ita ka shirya sayen wata. Na gani da idona, wata sanda da na saya da tsada, ba zan kama sunan kamfanin ba don ba laifinsu ba ne, a bugu na huɗu ƙwallo ta shigo wa yaron ta ciki ta same ta a wuya, ƙas, ya juyo yana kallona da guntun a hannu. Garantin katako idan ma akwai shi yawanci kwana 30 ne, wasu ba sa bayarwa kwata-kwata, ta ƙarfe kuwa galibi shekara guda.

Ita ta ƙarfen ma ba duka ce ƙarfe ba, suna kawai ya bi ta. Akwai ta alminiyom zalla guda ɗaya tun daga hannu har kai, akwai kamfozit wadda zaren kabon ne aka naɗe aka daskarar da gam, sai mai haɗi, kai alminiyom hannu kamfozit. Kamfozit ita ce mai tsada, sababbin fitowa suna kai dala 400 zuwa 500, irin su Meta ta Louisville da Icon ta Rawlings da Hype Fire ta Easton wadda yaran USSSA suka haukace a kanta. Tana da daɗin hannu ba ƙarya, ba ta girgiza, wurin bugunta dogo ne. Amma ƴar lele ce. Sai an yi mata bugu wajen 150 zuwa 200 ana jujjuya ta kaɗan-kaɗan kafin ta buɗe, ba ta son sanyi, idan gari ya sauka ƙasa da digiri 15 na salshiyos ƙwallo tana tauri ita kuma tana iya tsagewa, kuma abin haushi a jihohin arewa kakar wasa a Maris da Afrilu take farawa lokacin da iyaye ke zaune a benci da bargo. Ga rawayen ƙwallayen nan masu ramuka na injin jifa, su ma kamfanoni da kansu suna cewa kada a buga su da ita. Wato ka sayi sandar dala 450 sannan ka sake sayen wata da za a riƙa atisaye da ita don kada a wahalar da gimbiya.

Ta alminiyom guda ɗaya kuwa kamar tukunyar gidan biki take, a fito da ita daga leda yau a shiga wasa da ita yau, a jefar a ƙasa, a ara wa yaran unguwa, iyakarta ta lotsa ko fenti ya goge. A nan jerin CAT na Marucci ya yi suna, haka Voodoo One ta DeMarini, da Omaha da Atlas na Louisville. Aibinta shi ne idan aka buga a bakin kai ko kusa da hannu ranar sanyi, zafin har gwiwar hannu, yarona ya sha yarfa hannu yana tsalle. Mai haɗi irin The Goods ta DeMarini tana rage wannan, amma nauyinta ya rinjaya zuwa kai, ta yaro mai ƙarfi ce wanda ya riga ya iya juya sanda, ba a fara wa siriri da ita.

Easton kam tsohon hannu ne a alminiyom, asali ma kibiya suke yi, Doug Easton ya fara a Kalifoniya a 1922, daga bututun kibiya suka gangaro sandar besbol wajen 1970. Shi ma yanzu ba shi kaɗai yake ba, Rawlings ya haɗiye shi a 2020, Rawlings ɗin da ke yi wa MLB ƙwallo tun 1977, wanda ita MLB ɗin ma tana da hannun jari a ciki. Ka lissafa da kanka: Wilson na da Louisville da DeMarini, Rawlings na da Easton, Marucci na da Victus. Bangon shagon da ka gani cike da sunaye da launuka kusan gida uku ne. Mizuno na Japan yana gefe, tun 1906 a Osaka, shi ya riƙa sassaƙa wa shahararren ɗan wasan Japan Ichiro sanda, mutumin da yake ajiye sandunansa a akwati na musamman don kada laima ta shige su. Kayansu na da kyau kuma sau da yawa farashin da sauƙi, kawai dai yaran Amurka ba sa yayinsa, yaro kuwa ka san shi da abin da abokai ke riƙe da shi.

Maganar yayi ta tuna min da sandar tofido. Ƙarshen Maris na 2025 Yankees suka buga hom ron 9 a wasa ɗaya da ƙungiyar Brewers, wasunsu da wata sanda mai tumbi a tsakiya kai kuma ya tsuke, wadda wani masanin fiziks Aaron Leanhardt ya ƙirƙiro, a sati guda kowane kamfani ya fito da tasa, yarona ma ya zo yana Baba ita nake so. Na ce masa Judge da ya buga uku a wannan wasan da tsohuwar sandarsa ya buga. Bai ji daɗi ba amma ya yi shiru.

Abin da nake yi yanzu, bayan kuɗin makarantar da na biya, shi ne sanda biyu. Ta wasa alminiyom guda ɗaya mai tambarin da koci ya faɗa, kuma samfurin bara nake saya ba na bana ba, don duk shekara sai sun canza fenti da suna, da zarar sabuwa ta fito tsohuwar ta faɗi warwas alhali bambancin bai taka kara ya karya ba. Ta atisaye kuma katako, bach ko mepul mai ɗigo, fira 110 ko 271, matsakaiciyar kuɗi, don katako ba ya rufa wa yaro asiri, idan bai samu ƙwallo a tsakiya ba hannunsa zai gaya masa nan take, wanda ya saba da shi idan ya koma ƙarfe sai ya ji kamar wasa. Tsakanin Marucci da Louisville da Victus a wannan farashin ni ban ga abin faɗa ba, wadda ta zauna a hannun yaro ita ce. Ka sa shi ya miƙe hannu gefe da sandar ya riƙe ta daƙiƙa 30, idan hannun ya fara rawa yana sauka ta yi masa nauyi, ko sunan wa ke jiki.

Kamfozit sai yaron da ke wasa kusan duk shekara a gasar USSSA, a jiha mai zafi irin Tekzas ko Fulorida, kuma ya daina tsawo kamar rake, don ƙaramin yaro kafin shekara ta zagayo ya fi ƙarfin sandar. Ta hannu kuma, alminiyom ba laifi, ka shafa jikinta ka ji ko ta lotsa ka girgiza ka ji ko wani abu na ƙara a ciki, amma kamfozit ta hannu ni ba na taɓawa, tsagewarta daga ciki take farawa ido ba ya gani, garanti kuma ba ya bin mai saye na biyu, sai da rasit. Sannan ka leƙa shafin lig ɗin ka duba jerin sandunan da aka soke, don akan ba sanda tambari daga baya a janye, ta yi ta yawo a kasuwar gwanjo da arha kai kana murna ka yi tsintuwa.

Waccan ta farkon da aka dawo min da ita tana nan a gareji har yanzu, na so in sayar uwar yaran ta ce a bar ta ƙanen ya taso, shi kuma ƙanen da ya tashi sai ya ce shi ƙwallon kwando yake so.